Mai Son Ganin Namun Kurmi, Ya Fara Koyon Saurare

Mutumin Ikara, ko Makarfi, ko Hunƙuyi ta ƙasar Kudan, ya saba da fili. Idan ya fito daga fadamar rake ya hau tudu, idonsa kan kai nesa, tsakanin ɗorawa da kaɗanya da kuka. Dajin da ya fi kusa da shi, wato Falgore ta jihar Kano a kan hanyar Jos, shi ma na ciyawa ne da itatuwa jefi-jefi, ga shi kuma matsalar tsaro ta rage masa baƙi, kamar yadda ta yi wa Kamuku ta Birnin Gwari. Don haka mai sha'awar ganin namun daji yakan nufi Yankari a Bauchi, a zagaya da shi cikin mota, in ya yi sa'a ya hangi giwa da ɓauna da gwanki, ya yi wanka a Wikki ya dawo.

Kurmi ba haka yake ba. Ana shigarsa da ƙafa, kuma idon da ya saba da hange ba ya yin wani amfani a cikinsa.

A ɗauki gandun dajin ƙasa na Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991, mai sassa biyu, Oban da Okwangwo. Ruwan da ke sauka a Oban ya ninka na ƙasar Zazzau fiye da sau biyu. Itatuwa sun haɗe kai a sama har rana ba ta isa ƙasa sosai, kuma yawancin mazauna dajin a can saman suke rayuwa. Kana iya yin wuni guda kana tafiya, birai na bisa kanka, abin da za ka samu bai wuce girgizar reshe da ɓawon 'ya'yan itace da ke faɗowa ba. Ɗan jagora, wanda galibi haifaffen ƙauyukan gefen dajin ne, shi ke karanta maka sauran: wannan sawun gada ne, wancan kashin giwar kurmi ne na jiya, wannan ƙarar fukafukin babbar cilakowa ce. In ya ɗaga hannu, tsayawa ake yi, a yi shiru. Masu shiga a ayari suna raha da kiɗan waya, su ke fitowa suna cewa dajin ba komai.

Gwaggon birin Kuros Riba kuwa, kada ma ka sa rai. Waɗanda suka rage a duniya ba su wuce kimanin 300 ba, a tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru, kuma farauta ta koya musu gudun mutum. Hotunan wani garkensu da 'ya'yansu da aka fitar a 2020 daga tsaunukan Mbe, kyamarar da aka ɗaure a jikin itace ce ta ɗauka, ba mutum ba. Abin da baƙo kan gani a tsaunin Afi na ƙasar Boki shi ne sheƙar ganye da suka kwana a ciki. A ganina wannan ma ya ishi mai hankali, domin kusantarsu ba alheri ba ne: murar ɗan Adam tana kama su, shi ya sa a Ruwanda da Yuganda, inda aka saba musu da mutane, awa ɗaya kacal ake bai wa baƙi, kuma daga nesa.

Abin da zai wahalar da kai ba manyan namun ba ne. Kwarkwasa ce, wadda in ka taka jerinta sai ka tuɓe wando a bainar jama'a. Sai sauro, da ƙudan tsando, da santsin laka a gangare, da gumin da ba ya bushewa. Dogon wando a cusa shi cikin safa, takalmi mai rufi da kauri, riga mai dogon hannu, ruwan sha fiye da yadda kake tsammani, da maganin zazzaɓin cizon sauro bisa shawarar likita. Kada a zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen kututture, can maciji ke fakewa. In aka yi kiciɓis da giwa, musamman mai ɗa, baya ake ja a hankali, ba hoto ake tsayawa ɗauka ba. Biri kuma ba a ba shi abinci. Wanda ya saba karɓa, ƙwace yake komawa yi.

Wanda Kuros Riba ta yi wa nisa, akwai Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, gandun da ya fi kowanne girma a ƙasar nan, inda kurmi ya haɗu da tsauni, kuma can ne Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, ƙololuwar Najeriya. Hausa da Fulatanci za su fisshe ka a garin Serti. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da koguna suka janye har a iya ƙetare su. Kafin ka kama hanya, ka tuntuɓi ofishin gandun kan halin tsaro, ka karɓi izinin shiga, a haɗa ka da ma'aikacin daji.