Yadda sa hannun dijital ke kare bayanai, da inda yake da rauni

Duk lokacin da ka buɗe manhajar banki ko ka sabunta wata manhaja a wayarka, akwai wani bincike da na'urar ke yi cikin ƙiftawar ido: shin wannan saƙo daga inda aka ce ya fito, kuma ba a taɓa shi a hanya ba?

Masana sun ɗora tsaron bayanai a kan ginshiƙai uku: sirri, wato kada wanda bai dace ba ya gani, inganci, wato kada a sauya komai, sai samuwa, wato mai haƙƙi ya samu bayanansa lokacin da yake buƙata. Sa hannun dijital na kula da ginshiƙi na biyu, tare da tabbatar da wanda ya aiko.

Yadda yake aiki

Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka gabatar da dabarar a 1976. Mai sa hannu yana da makullai biyu, na sirri da yake ɓoyewa da na jama'a da yake rabawa.

Kwamfuta na taƙaita takarda zuwa wata lamba mai kama da zanen yatsa, sannan ta buga mata hatimi da makullin sirri. Mai karɓa kuma ya duba da makullin jama'a. Ko harafi ɗaya aka sauya, lambar ba za ta dace ba, nan take asiri ya tonu. Mai makullin ma ba zai iya musanta cewa shi ya sa hannu ba. Amma hatimin ba ya ɓoye abin da ke cikin takardar.

Darasin DigiNotar

Wa zai shaida cewa makullin na Google ne da gaske? Aikin kamfanonin ba da takardar shaida ke nan, kuma a nan raunin yake.

A 2011 masu kutse suka shiga kwamfutocin DigiNotar na ƙasar Holand, suka haɗa takardun bogi sama da 500, har da ta Google. An yi amfani da ita wajen leƙen masu Gmail a Iran, inda abin ya shafi adireshin intanet kusan 300,000. Chrome da Firefox suka daina amincewa da kamfanin, kuma a watan Satumban shekarar ya durƙushe.

Saboda haka idan burauza ta gargaɗe ka cewa takardar shaidar wani shafi ba ta inganta ba, kada ka shigar da kalmar sirri ko lambar katinka. Ka rufe shafin.