Malamin Da Ya Tsaya Wa Masu Ajiya A Banki

A sani, a jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila an yi wani shaihin malami, Ross Anderson, wanda aka haifa a 1956, ya rasu a 2024. Fanninsa shi ne tsare dukiya da asirai a kwamfuta.

A da, idan kuɗin mutum suka salwanta ta na'urar cirar kuɗi, bankunan Ingila sai su ce na'urarsu ba ta kuskure, laifin mai ajiya ne. A 1993 malamin ya yi rubutu, ya kafa hujja cewa galibin ɓarnar daga sakaci take da ha'incin ma'aikata, ba daga warware rubutun sirri ba. Ya kuma karantar cewa wanda hasara ba ta hawa kansa ba ya tsananta tsaro, abin da kowane falke ya sani.

Littafinsa Security Engineering ya fito a 2001, daga baya ya sake shi kyauta a intanet. A 2010 ƙungiyar masu katin banki ta nemi jami'ar ta janye kundin wani ɗalibi da ya tona aibin katunansu. Malam ya ƙi, kundi ya zauna inda yake.