Daji da Kimiyya a Hannun Masu Sana'a na Yamai

Sana'ar hannu a Yamai tana samun abu biyu daga daji: kayan aiki da kuma siffofin da ake ƙerawa. Daga Kirkissoye, unguwar gonakin shinkafa da ke gaɓar dama ta kogin Kwara, mutum zai haye gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ya isa gidan tarihi na Boubou Hama. An kafa gidan a 1959, kuma a harabarsa akwai rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa da masassaƙa, suna aiki a gaban jama'a, kusa da kejin dabbobi da ƙasusuwan halittun da suka ɓace.

Aikin fata yana farawa ne daga majema, kamar ta Gamkalle da ke bakin kogi. Majemi yakan jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, ya karce ta, sannan ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Ɓawon 'ya'yan bagaruwa yana ɗauke da sinadarin tanin, wanda ke kama zarurrukan fata ya ɗaure su, ta yadda ƙwayoyin da ke kawo ruɓa ba za su ci ta ba. Majema sun daɗe da sanin wannan a aikace kafin masana sinadarai su bayyana dalilinsa. Jan launi kuwa daga karan dafi ake samunsa, wato ganyen da ke lulluɓe da karan wata irin dawa, idan aka haɗa shi da kanwa. Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna saboda laushi da ƙwari, ita dukawa suka fi so wajen jaka da takalmi.

Maƙeran azurfa da tagulla suna dogara da kakin zuma. Maƙeri yakan murza kakin da yatsu ya fitar da wuyan raƙumin dawa da ƙafafunsa, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya bar 'yar kafa. Idan aka gasa, kakin ya narke ya zube, sai a ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Dole a fasa yumɓun kafin a fitar da abin da aka zuba, shi ya sa ba a samun guda biyu iri ɗaya sak.

Raƙumin dawa yana cikin siffofin da aka fi gani a rumfunan gidan tarihi da na kasuwar masu sana'a ta Wadata, a jikin ƙwarya da ƙyallen rini da ƙarfe. Dalili a fili yake: a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, mafi yawan ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke rayuwa. A 1996 kusan 50 kawai suka rage, amma kariya ta sa suka haura 600. Siffar tasu ta daɗe a hannun masu zane na ƙasar. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babbansu ya haura mita 5. A 1999 masana suka ɗauki shatarsu, aka zuba kwafinsu da sanholo, aka kafa ɗaya a filin jirgin saman Agadas. Wannan aiki ya haɗa binciken tarihi da fasahar zubi.

Binciken ƙasusuwa ma ya ba masu fasaha abin kallo. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, aka tono ƙasusuwan wani ƙaton kada mai suna Sarcosuchus, wanda ya rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, da na dinoso Ouranosaurus, wanda masanin Faransa Philippe Taquet ya raɗa wa suna a 1976. Ana nuna su a gidan tarihi, inda mai zane zai iya tsayawa ya nazarci yadda gaɓoɓi suke haɗuwa. A nan kuma aka ajiye gangar jikin itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar rairayi har mota ta kayar da shi a 1973. A gurbinsa an kafa itacen ƙarfe da ke zama alama ga matafiya.

Duk waɗannan sana'o'i suna tsaye ne kan abin da daji ke bayarwa. Idan aka sare bagaruwa don itacen girki, majemi zai koma ga sinadarin kanti mai tsada da gurɓata ruwa. Idan ƙudan zuma suka ragu, kaki zai yi wa maƙeri wuya. Saboda haka dasa itatuwa da kare namun daji suna cikin abin da zai riƙe abincin masu sana'a, kuma koya wa almajiran sana'a dalilin kowane mataki na jima da rini da zubi zai ba su damar inganta abin da suka gada.