Tumbi: Yawan Loma Ne Ko Irin Lomar?

Telana ne ya fara faɗa mini gaskiya. Ana saura mako uku Babbar Sallah na kai masa shadda, ya zagaya tef a cikina, ya duba, ya buɗe tsohon littafinsa na awo ya sake dubawa, sannan ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, lallai ana jin daɗi. An ƙara inci uku." Har zuciyarsa yabo yake yi. A wajenmu idan magidanci ya ajiye tumbi, alama ce ta ya samu, uwargida kuma ta iya girki. Ni ma dariya na yi. Sai washegari da na sunkuya zan ɗaure igiyar takalmi, na ji numfashina yana sama-sama, dariyar ta ɗauke.

Da na kai maganar majalisarmu, nan take aka rabu gida biyu. Wani abokinmu ma'aikacin banki ya zaro waya ya nuna mini manhajar da yake lissafa kalori da ita. A wurinsa magana ɗaya ce: abin da ya shiga ya gaza abin da jiki ya ƙona, shi ke nan, ko tsire ka ci ko cincin. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya girgiza kai. "Ɗana, kakanninmu sun ci tuwo malmala-malmala ba su yi teɓa ba. Abincin leda da gwangwani ne ya ɓata ku." Aka yi ta ja-in-ja har aka kira Magariba. Wannan musu kuwa ba a majalisarmu ya fara ba. Shekaru masana abinci suka kwashe suna yinsa, kuma sun yi gwaje-gwajen da za a iya ɗora magana a kansu.

Kitsen ciki iri biyu ne. Akwai wanda ke ƙarƙashin fata, wanda kake iya mintsina da yatsu. Akwai kuma na can ciki, wanda duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci yana fiɗar rago ya san shi: farin kitsen nan da ya lulluɓe hanji da tumbi kamar mayafi. Shi ne mai haɗarin. Jinin da ke fitowa daga cikinsa kai tsaye hanta yake nufa, yana ɗauke da maiƙo da sinadaran kumburi, har hanta ta fara yin kunnen ƙashi ga insulin. Daga nan ƙofar ciwon suga da ciwon zuciya take buɗewa. Tun 1947 wani likita a birnin Marsel na Faransa, Jean Vague, ya lura cewa masu ƙiba a ciki sun fi kamuwa da waɗannan cututtuka fiye da masu ƙiba a cinya da ƙugu, ko da nauyinsu ɗaya a sikeli. Awonsa ma ba ya buƙatar asibiti. Ka yanki zare daidai tsawonka, ka ninka shi biyu, ka zagaya cikinka ta saitin ɗan sama da cibiya. Idan bakin zaren bai haɗu ba, kewayen cikinka ya wuce rabin tsawonka, kuma wannan ita ce iyakar da hukumar NICE ta Ingila ta shawarci mutane su kiyaye a 2022.

Masu kwanciya rigingine suna tashi sau ɗari kowace safiya don narkar da tumbi, su yi haƙuri. A 1984 an sa wasu samari a Jami'ar Masacusets sun yi wannan motsi sau 5,004 cikin kwana 27, aka ɗebi kitse daga cikinsu da bayansu da ɗuwawunsu aka auna. Na ciki bai fi sauran raguwa ba. Naman ciki yana ƙarfi, amma jiki ba ya cire kitse daga wurin da ka nuna masa.

To, bari mu ba ɗan banki haƙƙinsa, don yana da shaidu. A 2010 wani farfesan ilimin abinci a Jami'ar Jihar Kansas, Mark Haub, ya yi mako 10 yawancin abincinsa kek ɗin leda ne da biskit da makamantansu, amma bai yarda ya wuce kalori 1,800 a yini ba. Ya sauke wajen kilo 12. Mutum ɗaya ne, ba a gina hukunci a kansa. Babbar shaidar ita ce gwajin da Frank Sacks na Jami'ar Habad ya jagoranta, wanda aka buga a 2009: mutum 811 aka raba wa tsarin cin abinci huɗu, wani mai yawan mai, wani mai yawan sitaci, wani mai yawan furotin, amma dukansu an rage musu kalori. Bayan shekara biyu duk rukunan sun sauke kusan abu ɗaya, wajen kilo 4. Da aka ɗauki hoton cikin wasu daga cikinsu, kitsen can ciki ya ragu a kowane rukuni, ba tare da wani tsari ya yi fice ba. Roy Taylor na Jami'ar Niyukasil ya ƙara nuna ƙarfin ragin kansa a 2011. Ya ɗora masu ciwon suga 11 a kan kalori 600 a yini, mafi yawansa garin kamfani da ake damawa a sha. Cikin mako guda kitsen hantarsu ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. (Wannan a gaban likitoci aka yi shi, mai shan maganin suga da ya kwaikwaya a gida zai iya faɗuwa sumamme.)

Ke nan babu yadda tumbi zai sauka sai jiki ya ci bashi daga rumbunsa. Wannan ba ya karɓar musu. Inda ɗan banki ya yi tuntuɓe shi ne zaton da yake yi cewa yawan abin da mutum yake ci abu ne da yake yankewa da kansa kowace rana, kamar yadda yake yanke kuɗin cefane.

Gwajin da ya fi burge ni a wannan fage Kevin Hall ne ya yi shi a cibiyar binciken lafiya ta NIH da ke Amurka, aka buga a 2019. Abin lura, Hall masanin lissafin kalori ne, ya kuma shiga gwajin yana zaton ba zai ga wani bambanci ba. Ya kwantar da mutum 20 a cibiyar har mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin da kamfani ya sarrafa matuƙa, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga kayan da ba a sarrafa ba. An daidaita tiren biyu ta fuskar kalori da sukari da mai da gishiri, aka ajiye musu fiye da abin da za su iya cinyewa, aka ce kowa ya ci ya ƙoshi. Mutanen nan ba su ce wani ya fi wani daɗi ba. Amma a makonnin abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a kullum, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A makonnin girkin gida suka sauke kusan kilo ɗaya, ba wanda ya ce musu su rage. Da aka duba, sun fi saurin ci idan abincin na kamfani ne. Yana da laushi, ba ya son tauna, kalori mai yawa a ƙaramar loma, ya riga ya wuce maƙogwaro kafin saƙon ƙoshi ya isa ƙwaƙwalwa.

Shekara guda kafin nan, Christopher Gardner na Jami'ar Istanfod ya bi mutum 609 tsawon wata 12. Rabi sun rage mai, rabi sun rage sitaci. Ba a ba kowa adadin kalori ba; abin da aka ce musu shi ne su yawaita ganye, su rage sukari da farar fulawa, su riƙa girki da kansu. Rukuni ɗaya ya sauke kilo 5.3, ɗayan kilo 6. Da aka bi diddigin abin da suke ci, sai ga shi sun rage kalori wajen 500 a yini ba tare da sun ƙirga ba. Dattijon majalisarmu ya yi gaskiya, sai dai dalilin ba shi ne wanda yake zato ba: abinci mai kyau yana aikinsa ne ta hanyar sa mutum ya janye hannu da wuri.

Akwai kuma wurare biyu da irin abincin ke da ta cewa a kan inda kitsen zai zauna, ko da kalorin ɗaya ne. A Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, Kimber Stanhope da Peter Havel sun shayar da mutum 32 masu ƙiba abin sha mai zaƙi har mako 10, rabi da gulukos, rabi da furuktos. Duka sun ƙara nauyi kusan daidai, amma masu shan furuktos ne kitsen can cikinsu ya ƙaru sosai, domin hanta ce ke ɗaukar kusan duk nauyin sarrafa shi. Sukarin da muke zubawa a shayi rabinsa furuktos ne. Adadin da aka shayar da su yana da yawa, rubu'in abin da jikinsu ke buƙata a yini, amma wanda ke shan lemun kwalba biyu da shayi mai kauri safe da dare ya kama hanya. Kwalba ɗaya ta santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen giram 50, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa babban mutum na yini guda. Ga shi abin sha ba ya tare yunwa; ka sha kwalbar ka kuma cinye farantinka cif. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa irin waɗannan lemuka a Nijeriya, ban ga wanda ya hana sha ba.

Na biyun ya fi kusa da tukunyarmu. A Jami'ar Ufsala ta Suwidin, a 2014, an ciyar da matasa 39 ƙarin kek har mako bakwai, na wasu da man kwakwar manja, na wasu da man sunfulawa. Kowa ya ƙara wajen kilo ɗaya da rabi. Amma masu cin na farkon sun tara kitse a hanta, ƙarin kitsen can cikinsu kuma ya ninka na ɗaya rukunin. Wannan ba hujjar zubar da galan ɗin manja ba ce, domin mutanen ƙarin abinci aka ɗura musu da gangan. Abin da yake nunawa shi ne idan ana cin fiye da ƙima, mai irin wanda ke daskarewa da sanyi ya fi saurin zama a ciki.

Idan aka tilasta mini in zaɓa, zan ce kalori shi ke yanke hukunci, amma ga Bahaushe ƙirga shi kusan aikin banza ne. Wa ya san kalori nawa ke cikin malmalar tuwon dawa da miyar kuka? Ludayin Hajiya ba ɗaya yake da na amarya ba. Wanda ke cin abinci a tire ɗaya da mutum huɗu, loma nawa zai rubuta a waya? Ko a ƙasashen da komai ke da lamba a jikin leda, an sha gano cewa mutane suna raina abin da suka ci nesa ba kusa ba. Abin da hannunmu ke iya kaiwa shi ne irin abin da ake ɗorawa a wuta, da kuma abin da ake kurɓa.

Sai dai a nan ma akwai rami, kuma masu cewa "ai na gargajiya ne" su ke faɗawa. Zuma sukari ce, furuktos ɗinta ma yana da yawa. Dabino abinci ne mai albarka, amma bakwai da ashirin ba ɗaya ba ne. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko na zaitun, kalori wajen 120 ne, ka kuwa dubi yadda ake kwarara shi a kan shinkafa da wake har ya kwanta a gefen faranti. Fura da nono da kakanninmu suka sha, gero ne da tsamin nono. Ta yanzu sai an dama da yogot mai zaƙi an ƙara sukari cokali uku. Tuwonsu na dawa da gero ne, ba semo da farar shinkafa ba, sannan bayan sun ci gona suke nufa da fartanya a kafaɗa, ba kujerar ofis ko bencin shago ba. Wannan ɓangaren dattijonmu ya tsallake shi. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da tashoshin mota kuwa, yawancin abin da yake fitarwa ruwa ne da bayan gida.

Ni dai abin da na yi kaɗan ne. Na daina lemun kwalba, na mayar da sukarin shayi daga cokali uku zuwa rabi. Na roƙi uwargida ta riƙa auna mai da cokali, ta kuma yawaita wake da zogale da kifi, domin furotin da ganye suna daɗewa a ciki. Malmala biyu ta koma ɗaya, miyar ta ƙaru. Bayan Isha'i nakan taka zuwa bakin titi in dawo. An yi sa'a kitsen can ciki yana cikin waɗanda suka fi saurin amsawa idan an rage ci an ƙara tafiya, ko da sikeli bai nuna wani abin a zo a gani ba.

Wahalar da ban yi tsammani ba daga mutane ta zo. Gwaggona ta kira uwargida gefe ta tambaye ta ko mun samu saɓani ne. A wurin wani biki an ce ina wulaƙanta abincin mutane don na bar rabin faranti. Da na koma wurin tela da azumi ya gabato, ya zagaya tef, ya duba littafinsa, ya yi shiru. Sai ya sauke murya yadda yaran shagon ba za su ji ba, ya ce, "Yallaɓai, lafiya dai ko? Ko harkokin ne suka ɗan tsaya?"