Ko Kun Sani? Garin da Teku Ke Ajiye Jirage a Kan Laka

Alma ƙaramin garin masunta ne a lardin New Brunswick na ƙasar Kanada, a bakin mashigin tekun Fundy, inda ruwa ke cika ya janye fiye da ko'ina a duniya. A Burntcoat Head, can ɓangaren Nova Scotia, tazarar da ke tsakanin cika da janyewa takan kai wajen mita 16.

Ƙarfin jan wata, da ɗan taimakon rana, shi ke motsa ruwan, amma fasalin mashigin ne ke ƙara masa tsayi. Yana tsukewa can ciki, kuma kai-komon ruwa a cikinsa ya kusa daidai da zagayen cikar teku na awa 12 da minti 25, kamar lilon da ake turawa a kan kari.

Daga birnin Moncton zuwa Alma tafiyar kimanin awa ɗaya ce a mota. Mai haƙurin zaman awa shida zai ga jiragen masunta zaune a kan laka a gindin matsaya, sannan ya gan su suna lilo bisa ruwa. Lokacin cikar yakan yi jinkiri da wajen minti 50 kullum, shi ya sa baƙi ke duba jadawali kafin su taso.