Ɓera, Zaƙami da Gigin Tsufa

A unguwar Mayo da ke kudancin Khartum, idan tsohuwa ta idar da Azahar ba a jima ba ta sake tayar da kabbara, ko ta dubi jikanta ta tambayi ɗan gidan wane ne, sai a ce habboba, wato kaka, ta fara gigin tsufa. Maƙwabta masu Larabci su ce kharaf. A sa mata ido kada ta fita ta ɓata, shi ke nan.

A wajen likitoci kuwa cuta ce mai cin ƙwaƙwalwa. Nau'inta mafi yawa ya samo suna daga Alois Alzheimer, likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da ita sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki.

Tunda ba a fara gwada magani a kan ɗan Adam, ɓera ke ɗaukar wahalar. Hanya mafi araha ma Bahaushe ya san tushenta: zaƙami, wanda a Sudan ake kira sakaran. A cikinsa akwai sinadarin sikofolamin mai toshe saƙon da ƙwaƙwalwa ke riƙe sabon abu da shi. A yi wa ɓera allurarsa, a saka shi a kwatarniyar ruwan da aka gurɓata har ya zama fari, inda aka ɓoye ɗan dandamali ƙasa da fuskar ruwan. Lafiyayyen ɓera, bayan 'yan kwanaki, kai tsaye yake nufar wurin. Wanda aka yi wa allura sai ya yi ta zagaye kamar baƙon gari. Richard Morris ne ya ƙirƙiro gwajin ruwan a Sukotlan a farkon shekarun 1980. Da irin wannan allura masu ilimin haɗa magunguna a Zariya da sauran jami'o'in Nijeriya ke auna ko wani ganye na gyara mantuwa. Matsalar ita ce mayen kan saki ɓera cikin awoyi, ciwon habboba kuwa gaba yake yi.

A 1995 da 1996 aka samar da ɓerayen da aka dasa wa ƙwayar gadon ɗan Adam a Amurka, ƙwaƙwalwarsu na tara daskararren furotin da ake kira amiloyid. An yi murna ƙwarai, an kuma warkar da ɓeraye bila adadin. Amma nazarin da Jeffrey Cummings ya fitar a 2014 ya nuna kashi 99.6 cikin ɗari na magungunan da aka gwada kan mutane daga 2002 zuwa 2012 sun faɗi. Ba abin mamaki ba ne: ɓera shekara biyu yake yi a duniya, kuma cutar da aka dasa masa ta gado ce, wadda ba kasafai ake samunta ba.

Abin da ya fi damun mai lura shi ne rashin Afirka a cikin gwajin. Binciken Ibadan da Indiyanafolis, wanda aka fara a 1992, ya nuna ƙwayar gadon APOE4 da ke ƙara haɗarin cutar ga Turawa ba ta da wannan ƙarfi a jikin Yarbawa. Shi ya sa aikin Dakta Mahmoud Bukar Maina a cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe, Damaturu, ya cancanci a sa masa ido: ana ɗaukar ƙwayoyin jikin 'yan ƙasa, a mayar da su tushensu ta dabarar da Shinya Yamanaka ya gano a 2006, domin a rene su su zama na ƙwaƙwalwa.

Ita ma Khartum ba baƙuwar bincike ba ce. Tun 1903 aka buɗe ɗakunan gwaji na Wellcome a cikinta, a Omdurman kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa mai sunan Tijjani El-Mahi. Amma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe jami'o'i, mayaƙa suka mamaye babban ɗakin gwaji na ƙasa cikin kwana goma. Asibitin Basha'ir na Mayo kuwa ya cika da masu raunin harsashi da bama-bamai.