Tsokar Mace: Abin da Matan Karfi Za Su Tsinta a Gasar Gina Jiki

A shekarar 2014 wata Ba'amurkiya mai suna Iris Kyle ta lashe gasar gina jiki ta mata, Ms. Olympia, karo na 10, sannan ta ce ta yi ritaya. Babu namijin da ya taɓa kai wannan adadi a gasar maza ta Mr. Olympia, domin Lee Haney da Ronnie Coleman kowannensu a 8 ya tsaya. An haife ta a jihar Michigan a 1974, ta fara da ƙwallon kwando, daga baya ta koma ɗaga ƙarfe, ta shafe kusan shekara 20 tana wannan harka. Idan hoton mace irinta ya faɗo a wayar wani a majalisa a Karfi, kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi, abin da za a ji bai wuce a'uzubillahi da tambayar "wannan mace ce kuwa?" ba. Ƙyamar tana da dalili. Amma ilimin da waɗannan mata suke aiki da shi ya fi shafar matar Karfi fiye da yadda mai ƙyamar yake zato.

Da farko a san mece ce gasar. Ba a ɗaga komai a kan dandali. Alƙalai kallo kawai suke yi: girman tsoka, daidaituwar sassan jiki, da yadda kitse ya ƙare har jijiyoyi suka fito fili. Kafin ranar, mace kan yi wata uku zuwa huɗu tana auna kowace loma a ma'auni, a kwanakin ƙarshe ma ta rage shan ruwa. Da yawa haila kan ɗauke musu, saboda jikin ya ɗauka yunwa aka shiga. Wasu kuma sukan haɗa da allurar sinadarin maza, wadda ke kaurara murya, ta fito da gemu, ta taɓa hanta da zuciya, muryar kuwa ba ta komawa yadda take. Su kansu masu shirya gasar sun rasa yadda za su yi da abin da suka haifar. Rachel McLish, wadda ta ci gasar farko a 1980, siririya ce in aka gwada ta da na baya. A ƙarshen 2004 hukumarsu ta IFBB ta nemi mata su rage tsokarsu da kashi 20 cikin 100, bayan 2014 kuma aka dakatar da gasar gaba ɗaya, ba ta dawo ba sai 2020. Saboda haka malamin da ya ce tsayuwar mace gaban jama'a da ɗan ƙyalle ba ta dace da addini da kunya ba, gaskiya ya faɗa, likita ma zai ƙara masa hujja.

Sai dai a ajiye dandalin a gefe a dubi abin da ke ƙarƙashinsa. Tsoka tana ginuwa ne da abu uku: nauyi, abinci, hutu. Idan aka ɗora mata aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, zarurrukanta kan gaji su ɗan ji rauni, sai jiki ya gyara su cikin barci da sinadarin furotin da ke cikin abinci, su dawo sun fi da kauri. In aka cire ɗaya daga cikin ukun, aikin banza ake yi. To, matar karkara a wannan yanki ba ta rasa na farkon ba. Ko wadda ke cikin kulle tana ɗaga taɓarya sau ɗaruruwa wajen surfe, tana tuƙa tuwon gida guda da muciya, tana wanki a durƙushe da goyo a baya. Yarinyar da ta ɗauko jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ke kanta, ban da jarkar. Da kaka ga sussuka, ga casa, ga tsinkar auduga. Nauyi dai ya isa har ya yi yawa. Abin da babu shi ne sauran biyun. Tuwon masara da miyar kuka suna cika ciki, amma furotin ɗin masara bai kai kashi 10 cikin 100 ba, in kuwa an samu nama, kowa ya san kwanon da tsokar ke tafiya. Hutu kuma ina shi, ga ciki bayan ciki, ga shayarwa? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Shi ya sa aikin da ya kamata ya gina mace yake cinye ta, ta kai shekara 45 tana dafa bango kafin ta miƙe.

Abin takaicin shi ne abincin da ke gina tsoka a gonakin nan yake fitowa. Waken suya, wanda ake loda wa manyan motoci daga kasuwannin yankin Funtua, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne. Gyaɗa kusan rubu'i. Ga wake, ga nono, ga ƙuli-ƙuli, ga ƙwai. Masu gina jiki sukan nemi wajen giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsu a rana. Mace mai aikin gida rabin wannan zuwa sama take bukata, ya ƙaru idan tana da ciki ko tana shayarwa. Wani zai ce talauci ne, wadda ke suyar awara don ta sayar take yi, ba don ta ci ba. Haka ne. Amma mudun waken suya bai kai kilon nama tsada ba, kuma wani ɓangare na matsalar rabo ne a cikin gida, ba rashi ba. Maigidan da ya san ya ware wa sa na huɗa harawa da ƙowa don kada ya rame, ya san wannan lissafin sarai.

Akwai kuma masu tsoron kada mace ta koma kamar namiji. Ba za ta koma ba. Sinadarin da ke kumbura tsoka ya ninka a jinin namiji fiye da sau goma, don haka macen da ke motsa jiki da nauyi ba tare da allura ba, ƙarfi take samu da ƙwarin ƙashi, abin da za ta bukata ƙwarai bayan haila ta ɗauke, lokacin da ƙashin mata ke saurin zaizayewa. Kuma kafin mu yi wa mai gina jiki dariya kan allurarta, mu leƙa kantin magani na bakin kasuwa. Ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe, wadda 'yan mata da amare ke sha don su yi ƙiba, galibi dexamethasone ce, wani lokaci haɗe da maganin buɗe ciki. Tana kumbura fuska da tumbi, amma tana narkar da tsokar cinya da damtse, ta raunana ƙashi, ta jawo hawan jini da ciwon suga. Waccan ta sha guba don alƙalai su yaba, wannan ta sha don dangin miji su ce tana cikin hutu.

Yarinyar da Allah ya ba ƙarfi, take kuma son gasa, ba dole sai ta tuɓe ba. Wasan ɗaga nauyi, inda ake auna abin da mutum ya ɗaga ba surar jikinsa ba, matan Najeriya sun daɗe da yin suna a cikinsa. Ruth Ogbeifo ta ci azurfa a Olamfik na Sydney a 2000, shekarar da aka fara barin mata su shiga. Mariam Usman ta samu tagullar Beijing ta 2008 bayan shekaru, da aka kama waɗanda suka sha gabanta da shan ƙwaya. Lucy Ejike, daga kan keken guragu, ta ci zinare a 2004 da 2008 da 2016. Maganar sutura kuwa an warware ta tun 2011, lokacin da hukumar wasan ta duniya ta amince da kayan da ke rufe hannu da ƙafa, sakamakon ƙorafin wata Musulma, Kulsoom Abdullah. Sara Samir ta Masar da kanta a rufe ta ci tagulla a Rio a 2016. Tarihin Musulunci ma bai hana mace wasan jiki a inda ya dace ba, tunda an ruwaito Nana A'isha ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar kowane baligi, mace ko namiji, ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Ga 'yar makaranta da ma'aikaciyar ofis da matar da inji da famfo suka sauke wa aiki, wannan ba ya bukatar wani gini na musamman. Samari sun daɗe suna zuba siminti a gwangwanin madara biyu, su soka ƙarfe a tsakani, su yi ta ɗagawa a bayan gida. Makarantun 'yan mata na Malumfashi da Funtua suna da fili mai katanga, kuma malamar wasanni ɗaya da ta san yadda ake durƙusawa da nauyi ba tare da an cuci baya ba ta isa ta koya wa aji guda.